Idan Tayar Keke Ta Fashe, Laifin Wane Ne?

Gabatarwa

A wata bazara da ta gabata na shiga Kasuwar Sabon Gari ta Kano, wadda a hukumance ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, domin in sayo wa ɗana sabuwar tayar keken da yake zuwa makaranta da shi. Kwana uku da ɗaura ta, yana komowa gida da azahar, sai tayar ta yi bindiga. Yaron ya faɗi ya ƙuje gwiwa, Allah ya kiyaye babu mota a bayansa. Da na mayar da tayar, mai shago ya jujjuya ta ya ce, "Malam, ai iska kuka cika mata, ga kuma wannan zafi." Ni kuwa na ce, "Alhaji, tayar ce dai ba ta da kyau." Muka rabu kowa yana ganin shi ke da gaskiya.

Irin wannan gardama ba baƙuwa ba ce a rumfunan masu sayar da kayan keke, kuma da wuya ta ƙare, domin kowane ɓangare zato yake yi. Saboda haka na yi abin da masanin halittu ya saba yi in ya rasa gane abin da ya kashe dabba: na kai tayar ɗakin gwaji na feɗe ta. Abin da na gani shi ne dalilin wannan rubutu.

Yadda Aka Gina Taya

Wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop, mazaunin birnin Belfast, shi ne ya yi rajistar tayar keke mai iska a shekarar 1888, bayan ya gwada ta a keken ɗansa. Kafin wannan, a 1844, Charles Goodyear na Amurka ya yi rajistar hanyar dafa ɗanyar roba da farar wuta, don ta daina narkewa da zafi da sandarewa da sanyi. Ita kuwa ɗanyar robar ruwa ce da ake tatsa daga itacen da masana ke kira Hevea brasiliensis, wanda asalinsa dajin Amazon ne, ake kuma noma shi a jihohin Edo da Delta.

Mutane da yawa suna zaton roba ce ƙarfin taya. Ba haka ba ne. Abubuwa uku aka haɗa. Na farko shi ne zare, galibi na nailan, wanda aka jera shi layi-layi a karkace, shimfiɗa ɗaya a gicciye bisa ɗaya. Shi ne ke riƙe matsin iska. Na biyu ita ce wayar ƙarfe da ke zagaye da bakin taya ta kowane gefe, wadda ke kama bakin wili. Na uku ita ce roba, wadda aikinta manne zaren da kare shi da kuma kama ƙasa. Shi kuwa tiyub da ke ciki ba shi da wani ƙarfi. Hana iska fita kawai yake yi. Ɗalibin ilimin halittu zai tuna cewa haka bangon jijiyar jini yake, akwai zaruruwa masu talewa, akwai kuma masu tauri da ke hana talewar wuce iyaka.

Iska Ce Ke Ɗaukar Kaya

A jikin taya akan rubuta iyakar matsin da za ta ɗauka, da ma'aunin PSI ko na BAR. PSI 60 ya yi kusan daidai da BAR 4, wato kamar an ɗora nauyin kilo 4 da ɗoriya a kan kowane murabba'in santimita na cikin tayar. Wannan ya ninka matsin jinin mutum mai lafiya kusan sau 25, ya kuma fi na tayar ƙaramar mota, wadda takan tsaya a PSI 30 zuwa 35. Tsirrai ma da irin wannan dabara suke tsayuwa: ruwan da ke cikin ƙwayoyin ganye yana tura bangonsu da matsin da kan kai na tayar keke, in ya ragu sai a ga alayyafo ya yi yaushi.

Mu ɗauka keke da mahayinsa sun kai kilo 100, kuma kilo 60 yana kan tayar baya. A PSI 60, wurin da tayar ke taɓa ƙasa kamar murabba'in santimita 14 ne, bai kai faɗin kwalin ashana ba. In iska ta ragu da rabi, dole tayar ta baje har wurin ya ninka. A nan ɓarna take farawa. Gefen taya yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, zare yana gajiya, tuƙi yana nauyi. In kuma aka faɗa rami, sai bakin wili ya datse tiyub, ya bar huda biyu kusa da juna kamar saran maciji. Masu ɗauko buhun hatsi ko jarkokin ruwa a bayan keke su suka fi gamuwa da wannan.

To, zancen zafi fa? Mai shago bai yi ƙarya ba, iska tana ƙara matsi in ta ɗau zafi. Amma a yi lissafi. In aka ba taya BAR 4 da asuba, zafi yana digiri 20 na Salshiyas, da rana kuma iskar cikinta ta kai digiri 50 saboda kwalta, matsin zai tashi zuwa BAR 4 da rabi. Ƙarin bai wuce kashi 13 cikin ɗari ba. Masana'antun ƙwarai suna gwada tayoyinsu da matsin da ya zarce wanda suka rubuta nesa ba kusa ba, don haka wannan ƙari shi kaɗai ba ya fasa lafiyayyar taya. Haɗarin gaske yana wurin injin mai faci. Cikin tayar keke bai kai lita uku ba, injin da aka tanada don mota kuwa zai cika ta har ya wuce kima kafin a ƙifta ido.

Dokar Laplace da Kumburin Taya

Masanin lissafi ɗan Faransa Pierre-Simon Laplace, wanda ya rasu a 1827, shi ake danganta wa wata doka da likitoci suka sani ƙwarai. Dokar ta ce, jan da bangon bututu yake sha ya dogara ga matsin da ke ciki da kuma faɗin bututun. Shi ya sa siririyar taya take ɗaukar matsin da zai yaga mai kauri. Shi ya sa kuma in wani wuri a bango ya yi rauni ya kumbura, faɗinsa ya ƙaru ke nan, jan da yake sha ya ƙaru, sai ya daɗa kumbura, har ya fashe. Haka kumburin babbar jijiyar jini yake kashe mutum, haka kuma taya take mutuwa.

Da na yanka tayar ɗana na ɗaye robar, sai na tarar a daidai inda ta fashe, wurin da ya kamata bakunan shimfiɗar zare su hau juna, an bar rata kamar faɗin ɗan yatsa. Roba kaɗai ke riƙe da iska a wurin. Wannan aibi ne na masana'anta, kuma yana da 'yan'uwa: wayar baki da ba a haɗa da kyau ba, ko ta yi wa wili yawa, kumfar iska da ta maƙale tsakanin roba da zare, roba da ba ta dahu ba ko ta dahu fiye da kima. Iska ba ta haifar da irin waɗannan, tona asirinsu kawai take yi, kuma galibi cikin kwanakin farko.

Kowace Huda da Shaidarta

Huda ɗaya ƙarama ta wajen da ke taka ƙasa, ƙusa ce ko ƙaya, musamman tsidau. Huda biyu a jere, ƙarancin iska ne. Huda ta cikin tiyub, wajen da ke kallon wili, kan waya ne ya soke shi saboda robar da ke rufe kawunan wayoyin ta goce. Doguwar tsaga kuwa alama ce taya ta kuɓuce daga wili, ko don an cika iska, ko an danne tiyub wajen ɗaurawa, ko kuma tayar ba ta wilin ba ce. Wannan na ƙarshe yana da tarko. Tayoyi iri biyu ne ake kira lamba 28: ta manyan kekuna irin Raleigh da Phoenix, mai faɗin baki milimita 635, da ta kekunan zamani mai milimita 622. A nemi lamba irin 40-635 a gefen taya, ita ce ba ta ruɗi. Ƙananan tsage-tsage a gefe kuma tsufa ne, aikin rana da iskar ozon, kuma taya tana iya tsufa a rataye a rumfa ba a taɓa hawanta ba.

Akwai lokacin da kamfanin Raleigh yake haɗa kekuna a nan Kano. Yanzu yawancin tayoyin da ke kasuwa daga ƙasashen Sin da Indiya ake shigo da su. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke da alhakin sa ido a kansu, amma ba za ta duba kowace taya ba. Don haka mai saye ya juya cikin taya ya dubi zaren, ya bi wayar baki da yatsa, ya lanƙwasa gefe ya nemi tsaga. In an ɗaura, a fara da iska kaɗan, a juya wili a ga ko akwai tudu ko karkata, sa'an nan a cika da famfon hannu, a auna da geji. Matsa taya da babban yatsa ba awo ba ne.

Gwaji Don Aji

Malami ya sa a shafa tawada a ƙasan tayar baya, ɗalibi ya hau, a sauke tayar a kan takarda mai gidaje, a ƙirga gidajen da tawada ta taɓa. A rage rabin iskar a sake. Daga nan a hura doguwar balan-balan, a lura da yadda wuri ɗaya ke fara kumbura ya ci gaba, alhali sauran yana nan siriri.

Kammalawa

Na koma kasuwa da yankin tayar a aljihu. Mai shago ya daɗe yana duban ratar, sa'an nan ya ce, "Malam, gani ya kori ji." Ya ba ni wata, muka juya cikinta tare kafin in karɓa. Ni ma na amsa nawa laifin, domin da injin mai faci aka cika ta farkon ba tare da geji ba, kuma yaron ya ce tun ranar farko yake jin keken yana ɗan tsalle, ban kula ba. Wannan tsalle shi ne kumburin. Duk ɗalibin da ya ji irinsa a kekensa, ya sauka ya duba kafin ya hau babban titi.