Yadda ake horon kare ba tare da duka ba

Ƴan'uwa, a ƙasar Ingila akwai wani wasa da ake yi da karnuka. An fara nuna shi a birnin Landan a shekara ta 1978. Kare yana tsallake shinge, ya ratsa ta cikin dogon bututu, ya bi tsakanin sanduna 12 da aka kafa a jere. Mai shi yana gudu gefensa. Babu igiya a wuyan karen, kuma an hana a taɓa shi. Wanda ya gama da sauri ba kuskure, shi ya ci.

To, yaya kare yake koyon wannan? Masu horo da yawa suna aiki da wani ɗan akwati mai harshen ƙarfe. In an danna shi, sai ya yi "ƙas". Wata Ba'amurkiya, Karen Pryor, tana cikin waɗanda suka yaɗa wannan dabara.

Ga yadda ake yi:

1. A yi "ƙas", nan take a ba kare ɗan guntun nama. A yi ta maimaitawa har ya gane cewa ƙarar nan tana nufin lada.

2. A aje sanda a ƙasa. Da zarar ya ƙetare ta, a yi "ƙas", a ba shi nama. In an makara, ba zai san abin da ya jawo masa ladan ba.

3. In ya yi kuskure, kada a buge shi. A hana masa nama kawai, a sake gwadawa.

4. In ya iya, a ɗaga sandar kaɗan-kaɗan. Minti 5 ya isa kowane zama.

A kula: ƙashin kwikwiyo bai yi ƙwari ba, dogon tsalle yana ji masa ciwo. Don haka a Ingila kare ba ya shiga gasar sai ya kai wata 18.

Mu ma muna da karnukan farauta da na gadin dabbobi. Wanda ba shi da akwatin, ya yi ƙarar da harshensa, amma iri ɗaya kullum. Karen da ya sha duka tsoro yake koyo, kuma matsoracin kare yana iya cizon yaro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.