Fim ɗin kaboyi: Wane ne akta, wane ne bos?

Idan kana yawo a YouTube ko Facebook, wataƙila ka taɓa cin karo da guntun tsohon fim ɗin kaboyi: sojoji sanye da shuɗin kaki a kan dawakai, ana busa begila, ga wasu mutane masu dogon gashi suna gangarowa daga tsauni da ihu. Su ne Apache. Iyayenmu da suka kalli irin waɗannan finafinai a silima sun taso da sanin cewa soja shi ne akta, Apache kuwa bos. To, tsaya ka ji.

Apache 'yan asalin yankin da ake kira Arizona da New Mexico ne a yau, tun kafin Turawa su iso. Gwamnatin Amurka ta tilasta musu barin ƙasarsu zuwa keɓantattun wurare irin su San Carlos. Geronimo, jagoransu da ya fi suna, ya ƙi yarda. A 1886 sojoji kusan 5,000 ne suka yi ta farautarsa, alhali mutanensa ba su kai 40 ba, har da mata da yara. Da ya miƙa wuya aka kai shi Florida, ya rasu a Oklahoma a 1909 yana fursunan yaƙi. Bai sake taka ƙasarsa ba.

Hollywood kuwa ta juya labarin. A Stagecoach na 1939, fim ɗin da ya ɗaga John Wayne, Apache maharan hanya ne kawai, ba a damu da dalilinsu ba. Daga baya aka fara sassautawa. A Fort Apache na 1948, girman kan kwamandan soja ne ya jefa dakarunsa halaka. Broken Arrow na 1950 ya nuna Cochise a matsayin dattijo mai riƙe alkawari, sai dai Bature ne, Jeff Chandler, ya fito a matsayinsa. Haka Burt Lancaster a Apache na 1954. Kai ka ji: labarinka, amma fuskar wani!

Ba a ce kada ka kalla ba, finafinan suna da daɗi. Amma kafin ka yi sharin wani bidiyo, na tarihi ne ko na rikicin yau, tambayi kanka: wa ke riƙe da kyamarar, kuma wa aka hana magana?