Haƙƙin Mazan Jiya da Haƙƙin Masu Rai

Ran 15 ga watan Janairu na kowace shekara, sojoji sukan tsaya sahu-sahu a Abuja da Katsina da sauran manyan birane, a ajiye furanni, a saki fararen tattabaru, a yi addu'a ga mazan da suka kwanta dama a fagen fama. Da can ran 11 ga Nuwamba ake yin haka, bisa al'adar Ingila, sa'an nan aka komo da shi wannan rana domin ita ce ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Manoman Funtuwa da Malumfashi suna da rabo babba cikin wannan tunawa, gama sun san abin da yaƙi yake ci, a daji da kuma a gida.

Zamanin yaƙin Hitila an ɗebi samarin Arewa masu yawa, har da na ƙasar Katsina. A 1941 sun bi ta Somaliya har Habasha suna korar mutanen Italiya. Daga 1943 zuwa 1945 kuwa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka shiga kurmin Bama suka kara da Japan, suka ci garin Myohaung a Janairun 1945. Barikin Chindit na Zariya sunan wannan yaƙi yake ɗauke da shi. Da yawa ba su komo ba, ba a kuma san kabarinsu ba, sai sunayensu da aka sassaƙa jikin dutse a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun. Allah ya jiƙansu.

Amma akwai waɗansu matattun wannan yaƙi da ba a yi musu fareti. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuza, sai Gwamnati ta ɗora aikin tilas, wanda talakawa suka sa wa suna ɗiban gwamna. Aka riƙa kwasar manoma daga larduna, har da na Katsina da Zariya, ana kai su haƙar kuza a tsaunukan Jos har 1944. Sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa, alhali kuwa an ce yaƙin na kare 'yanci ne. Tun daga nan aka gane cewa in an buga gangar yaƙi, hannun mai mulki yakan yi tsawo, kuma wuyan talaka ya fi kusa da shi.

Domin tsoron irin wannan ne, bayan rahoton Kwamitin Willink na 1958, aka rubuta haƙƙoƙin ɗan ƙasa cikin tsarin mulkin da aka karɓi mulkin kai da shi a 1960. Mulkin soja ya sha jingine su, kamar yadda Doka ta 2 ta 1984 ta halatta tsare mutum ba shari'a. Tsarin mulki na 1999 ya komo da su a babi na huɗu. Sashe na 33 ya tsare rai, na 41 ya tsare zirga-zirga. Na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya, in akwai kotu cikin tazarar kilomita 40. Sojan da ya yi rantsuwa, wannan littafi ya rantse zai kare.

A zamanin nan yaƙi ya zo har bakin gona. 'Yan bindiga sun addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume, sun kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020, sun kuma buɗe wa masallata wuta da asuba a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi a Agustan 2025. Sojoji da 'yan sanda da 'yan sa-kai sun ba da rayukansu a waɗannan dazuzzuka domin manomi ya sami shiga gonar masararsa da audugarsa. Ba mai hankalin da zai raina wannan jini.

To, sai dai a dubi abin da aka yi da sunan tsaro. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamnatin Jihar Katsina ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da ta Malumfashi, ta hana sayar da fetur a jarka. A Satumba aka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, aka shafe watanni a haka. Hujjar hukuma ita ce toshe bakin masu kai wa ɓarayi labari, kuma hujja ce mai nauyi. Amma ƙauyen da aka kai wa hari da dare ya rasa yadda zai kira agaji, ɗan kasuwan hatsi ya rasa farashi, mai saniya ya rasa inda zai sayar ya sayi magani.

Tsarin mulki bai hana Gwamnati tsanantawa ba in hali ya yi. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita waɗansu haƙƙoƙi domin tsaro, amma da doka, kuma gwargwadon larura. Sashe na 305 ya ce dokar ta-ɓaci sai Shugaban Ƙasa ya shelanta, Majalisar Tarayya ta amince, kuma takan faɗi bayan wata shida in ba a sabunta ba. A Katsina ba a shelanta ta ba, ga shi kuwa jama'a sun ɗanɗani irin ɗacinta. Matsin da bai bi ta ƙofar majalisa ba, wa zai tambayi ranar ƙarewarsa? Haka kuma abin da ya faru a Tudun Biri ta Jihar Kaduna a Disamban 2023, inda jirgin soja marar matuƙi ya jefa bom kan masu Mauludi, ya nuna cewa ƙarfi in ba mai bincikensa, yakan faɗa kan waɗanda aka ba shi domin ya kare.

Saboda haka girmama mazan jiya yana da sharuɗɗa da suka wuce fure da tattabara. A biya gwaurayen matansu da marayunsu haƙƙinsu ba tare da sun tsufa a bakin ofis ba. A faɗi sunan kowane soja da ya faɗi, da garinsu. Wanda aka kama bisa zargin taimakon ɓarayi a kai shi gaban alƙali, a hukunta shi ko a sake shi. Duk wata doka ta matsi a kai ta gaban wakilan jama'a, a yanka mata wa'adi. Mutanen karkara ba sa kai labari ga hukumar da suke tsoro, soja kuwa in ba labari, cikin duhu yake tafiya, kwanton ɓauna yana jiransa.

Allah ya gafarta wa waɗanda suka riga mu, ya tsare masu tsaron ƙasa, ya ba shugabanni ikon yin adalci. Amin.