DAƁEN TSAKUWA MAI SULƁI: MI YA SA YAKE DAƊEWA?

Wanda duk ya taɓa shiga babban gidan likita ko wani tsohon biro na birni, ya ga wani irin daɓe mai sulɓi. Yana da ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo. Dubban mutane suna taka shi kullum, amma bai farfashe ba. A ƙasarmu magina suna ce ma shi garanito. A Najeriya ana ce ma shi tarazo. Yau za mu yi bayani bisa kansa, don in garinku ya tara kuɗin gina gidan haihuwa ko masallaci, ku san abin da za ku saya.

INA YA FITO?

Wanga aiki ya yi suna a ƙasar Italiya, a birnin Beniz, fiye da shekara 400 da sunka wuce. Can akwai wani dutse mai kyau da ake ce ma marbur. Kar ku haɗa shi da marmarar da muka sani, ba ɗaya ba ne. In an sassaƙa marbur don gidajen masu hali, gutsattsari suna saura. Ma'aikata ba su zubar ba. Sai sunka cuɗa su da farar ƙasa, sunka shimfiɗa, sunka daɓe, sa'an nan sunka goge da dutse mai nauyi har ya yi sumul. Har yanzu akwai gidaje a Beniz da ake taka daɓen da ya yi ɗaruruwan shekaru.

Siminti irin na yau an samo shi a Ingila, a shekara ta 1824. Daga baya ya maye gurbin farar ƙasa cikin wanga aiki. A shekarun 1920 kuma anka fara gugar da mashin mai lantarki. Daga nan daɓen ya watsu cikin duniya.

Dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu. Iyayenmu mata sun san daɓe. Suna zuba burji, su yayyafa ruwa, su buga da madaɓi, su shafa makuba. Garanito ɗan'uwan wannan ne. Siminti ya tsaya wurin ƙasa, mashin ta yi gugar.

YAYA AKE YIN SA?

1. A daddale ƙasar ɗakin sosai. A shimfiɗa leda don damshi kar ya hawo.
2. A zuba kankare, watau siminti da rairayi da tsakuwa. Wannan shi ne gindin aikin.
3. A kafa siraran gilashi, ko tagulla, ko roba, a raba filin gida-gida kamar gidajen dara. Kowane gida kamar metir 1.
4. A cuɗa awo 1 na siminti da awo 2 na tsakuwar marbur. A zuba, kaurinsa ya kusa santimetir 2. A danne shi da kyau.
5. A riƙa ba shi ruwa, kar ya bushe da sauri.
6. In ya yi ƙarfi, a goge da mashin ana zuba ruwa. A cike ƴan ramukan da sunka bayyana da kunun siminti. Bayan kwanaki a sake guga da dutse mai laushi.

INA ƘARFIN YAKE?

Na ɗaya, dutse ne ƙafa take takawa. In kun duba daɓen da kyau, kashi 2 cikin 3 na fuskarsa tsakuwa ce. Siminti aikinsa ya riƙe ta. Daɓen siminti zalla yana cinyewa, ya riƙa tada ƙura. Dutse ba ya saurin cinyewa haka.

Na biyu, adon ba shafe ba ne. Fenti bisa yake tsayawa, in ya goge shi ke nan. Shi garanito, abin da ke sama shi ne a ciki. In ya dushe bayan shekaru, sai a kawo mashin a sake goge shi, ya koma kamar sabo.

Na uku, layukan nan da ke raba shi ba don kyau kaɗai aka sa su ba. Siminti yana tsukewa in yana bushewa. Yana kuma motsi kaɗan tsakanin zafin bazara da sanyin hunturu. In fili ya yi faɗi babu rabo, sai ya tsage inda ya ga dama. In akwai layuka, motsin yana tsayawa ga layi.

Na huɗu, fuskarsa a toshe take. Babu rami inda datti zai maƙale, ko ƙuma ta ɓoye. Gara ba ta cin sa. Wuta ba ta kama shi. Jini ko amai in sun zuba, suna wankuwa da sauƙi. Shi ya sa ya dace da gidan likita da gidan haihuwa.

ABIN DA KE KASHE SHI

Garanito ba ya fin gindinsa ƙarfi. In ƙasar da ke ƙarƙashi ba ta daddalu ba, za ta zauna da damina, daɓe ya tsage, kome tsadar tsakuwarsa.

Sauri ma yana kashe shi. Mutane da yawa suna tsammani rana ce ke sa siminti ƙarfi. Ba haka ba ne. Ruwa ne abincinsa. In iskar hunturu ta busar da shi tun kwana na fari, zai zama mai gari. Sai a ba shi ruwa safe da marece har kwana 7. Ƙarfinsa ba ya cika sai wajen kwana 28. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Bayan an gama, abu mai tsami shi ne abokin gabarsa. Ruwan lemun tsami, da ruwan tsamiya, da ruwan batir suna cin marbur da siminti, su bar tabo. Rairayin da takalmi ke kawowa yana karce shi sannu-sannu. Don haka a share kullum, a aje tabarma ko buhu bakin ƙofa. A tuna kuma yana da santsi in ya jiƙe. A tsane ruwa kafin tsofaffi da mata masu ciki su shiga.

KAFIN KU BA DA KUƊIN GARI

Garanito yana da tsada. Tsakuwarsa daga nesa ake kawo ta. Mashin ɗin guga tana son lantarki, in babu sai an yi hayar injin wuta. Ɗakin kwana ba ya bukatarsa, daɓen burji ko na siminti ya wadatar. Amma inda jama'a ke shiga da fita kullum, wanda aka yi sau ɗaya ya fi wanda ake gyara kowace shekara. Araha ba ta ado.

Magina suna yin kuɗin aikin bisa faɗin fili. Ku auna da kanku. Ɗaki mai tsawon metir 5 da faɗin metir 4, sai ku ce 5 sau 4, ya ba da 20. Wannan shi ne metir kare 20. Ku nemi kuɗin metir kare ɗaya, ku riɓa sau 20.

Sa'an nan ku zaɓi mutum biyu masu karatu su tsaya bisa aikin da littafi. Su rubuta buhun siminti nawa ya shigo, nawa aka buɗe. Buhu ɗaya kilo 50 ne, ko na Malbaza ne ko na waje. Wanda ya daskare ya yi ƙulalai, kar a karɓa. Su auna kaurin daɓen tun yana ɗanye. Su rubuta ranar da aka zuba, da kwanakin da aka ba shi ruwa. Kar a biya sauran kuɗi sai an yi guga ta biyu. Ku nemi maginin ya gwada muku wani aikin da ya yi shekarun baya, ku je ku gani da idonku.

Ga amfanin karatu da lissafi ke nan. Ku karanta ma waɗanda ba su iya ba, ku yi shawara tare kafin a aza hannu ga aiki.