Brunello: Giyar da Ke Kwantar da Jari Shekara Biyar Kafin Ta Kawo Riba

A garin Montalcino da ke yankin Tuskani na ƙasar Italiya, akwai wata gona mai suna Il Greppo wadda tarihinta ya cancanci nazarin duk mai sha'awar sanin yadda sana'ar gado ke rayuwa. A nan ne zuri'ar Biondi-Santi ta ƙirƙiro Brunello di Montalcino, ɗaya daga cikin jajayen giyar inabi mafiya tsada a ƙasar.

Ferruccio Biondi-Santi ne ya kafa tubalin sana'ar, inda ya dogara ga irin inabi guda ɗaya tak, wato Sangiovese. Giyar da ya haɗa daga girbin 1888 ita ake ɗauka a matsayin Brunello ta farko irin ta zamani. A 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, iyalan sun toshe wani sashe na ma'ajiyarsu da bango domin ɓoye tsofaffin kwalabe daga sojoji. Sunan gidan ya ƙara ɗaukaka a 1969, sa'ad da aka gabatar da giyarsu ta 1955 a wata liyafa da aka shirya wa Sarauniya Elizabeth ta Biyu a ofishin jakadancin Italiya da ke Landan.

Ta fuskar tattalin arziki, babban nauyin wannan sana'a shi ne jira. Doka ta hana a fitar da Brunello kasuwa sai ranar 1 ga Janairu ta shekara ta biyar bayan girbi, kuma dole ta yi aƙalla shekara biyu cikin gangunan katako. Nau'in Riserva kuwa sai a shekara ta shida. Ma'ana, mai gona zai biya leburori, ya sayi ganguna, ya kula da ma'ajiya, alhali jarinsa na kwance. Idan kuɗin ruwa na banki ya tashi, ko yanayi ya ɓata girbi, shi kaɗai zai ɗauki asarar.

Abin da ke rama wannan jira shi ne amincin suna. Gwamnatin Italiya ta ba Brunello kariyar asali ta DOC a 1966, sannan ta ɗaga ta zuwa matsayi mafi girma na DOCG a 1980. Amma a 2008 hukumomi suka binciki wasu masu sana'ar bisa zargin cakuɗa wasu nau'o'in inabi, har Amurka, babbar kasuwar giyar a waje, ta yi barazanar hana shigo da ita. A ƙarshe masu sana'ar suka kaɗa ƙuri'ar ci gaba da amfani da Sangiovese zalla.

Duk da wannan daraja, gidan bai ci gaba da zama a hannun zuri'ar ba. Franco Biondi Santi, wanda ya daɗe yana riƙe da gonar, ya rasu a 2013, kuma a ƙarshen 2016 kamfanin EPI na iyalan Descours na Faransa ya sayi kaso mafi rinjaye.

Wannan ciniki ya nuna cewa suna da inganci kaɗai ba sa isa su riƙe kamfanin gado. Sai an haɗa da jari mai haƙuri, da tsararren shiri kan wanda zai gaji ragamar sana'ar bayan magabata.