ME YA SA FARIN BAKIN JARIRI YAKE DAWOWA BAYAN MAGANI?



Iyaye mata a nan Kinkinau sun sha aiko mana da wannan tambayar: harshen jariri da cikin kumatunsa sun yi fari fat kamar kindirmo, yana ƙin kama nono, an ɗiga magani ya washe, bayan sati biyu abin ya dawo.

Mai kawo shi wata ƙwayar cuta ce dangin yis, sunanta Kandida. Kun san yauƙin nan da ke kama cikin jarkar ruwa, wanda ɗauraya kaɗai ba ta fitar da shi sai an dirje? To haka take yi. Idan ta samu roba, sai ta manne, ta taru, ta lulluɓe kanta da yauƙi.

Masana sun raine ta iri biyu a ɗakin gwaji: wata tana yawo cikin ruwa, wata manne a jikin roba, suka auna sinadaran da take fitarwa masu narkar da tsoka da maiƙo. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ma da gwaiduwar ƙwai ake yinsa, a auna faɗin da'irar da ta ci kewaye da ita. An ga mai mannewar takan fi zubo sinadarin cin tsoka, kuma maganin da zai kashe mai yawo, irin Fluconazole, da ƙyar yake taɓa ta.

Kenan kina maganin bakin yaro, ita kuwa tana zaune lafiya lau a kan fida.

Ki dirje kan fida da robar tsotso da burushi da sabulu tukuna, sannan ki tafasa minti 10, kullum. Wanda ya tsage, a yar. Idan likita ya rubuta Nystatin, a ba shi bayan shayarwa, a cika kwanakin ko da farin ya ɓace. Kan nono na zafi ko ƙaiƙayi? A duba ki ke ma, don ku daina miƙa wa juna.

Don Allah kar a shafa zuma a bakin jaririn da bai kai shekara 1 ba. Zuma waraka ce, amma hanjinsa bai yi ƙwarin da zai iya da wata ƙwayar da kan ɓuya cikinta ba.

Baba ko Hajiya masu haƙoran roba, a cire su da dare a goge. Babban mutum kuma da farin baki ke yawan dawo masa, ya leƙa asibitin Yusuf Dantsoho da ke Tudun Wada a gwada masa suga.

Allah Ya ƙara mana lafiya.