Masu So da Masu Gudun Allurar Korona a Yerwa

Edita ya roƙe ni in ɗan yi wa masu karanta wannan mujalla bayani a kan allurar rigakafin Korona, da abin da ya sa a nan Yerwa waɗansu suka miƙa dantse, waɗansu kuwa suka noƙe. Na san wani zai ce, "Haba Malam, ai an wuce wurin, me ya kawo tone-tone?" Gaskiya ne, tun ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hankali ya kwanta. Amma cuta ce ta lafa, shakkar allura tana nan. Ku kuwa ɗalibai, gobe za a rarraba ku Biu da Bama da Monguno, kuma kun sani a ƙauye malamin makaranta shi ne alƙali, shi ne likita, shi ne mai karanta wasiƙa. Ran da masu allura suka sauka a ƙofar Bulama, ku za a tambaya.

Cutar ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka sami mutum na farko da ita a Ikko, wani Bature mutumin Italiya. Cikin Afrilu ta iso Barno, kuma ran 17 ga watan nan ta ɗauke Malam Abba Kyari, ɗan ƙasar nan, wanda ke shugabancin ma'aikatan Fadar Shugaban Ƙasa. Kakanninmu sun ga irin wannan annoba a 1918, ita ce su ke kira marisuwa, amma su ba su sami allura ba. Mu kuwa ba a yi shekara ba aka fara yin ta a Ingila, ran 8 ga Disamba 2020. Ran 2 ga Maris 2021 jirgi ya sauka Abuja da allurar AstraZeneca kusan miliyan 4, kuma ran 6 ga wata aka yi wa Shugaba Muhammadu Buhari tasa a idon jama'a.

Bari in fara da yadda allurar ke aiki, don wanda bai gane wannan ba ba zai iya ba kowa amsa ba. Ƙwayar Korona, in an dube ta da madubin likita mai ƙarfi, kamar ƙarangiya ta ke, duk jikinta ƙayoyi. Da ƙayoyin nan ta ke maƙalewa cikin maƙogwaro da huhu. A jinin mutum kuwa Allah ya halicci waɗansu dakaru masu tsaro, kamar dai 'yan ƙato da gora na unguwa. Ƙarfi gare su, amma sai sun san fuskar ɓarawo su ke kama shi da wuri. In baƙo ne, kafin su gane shi ya riga ya yi ɓarna. To, allurar ba ta ɗauke da ƙwayar Korona mai rai. Abin da ta ke yi shi ne ta sa jiki ya ƙera ƙayar kurum, dakarun nan su gan ta, su shaida ta, su yi shiri. Zazzaɓin nan na kwana ɗaya ko biyu, da tsamin dantse, alamar rawar daji ce dakarun ke yi.

Wannan dabara kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Fulani makiyaya tun zamanin da, in ciwon huhu ya shiga garke, sukan yanki ɗan huhun saniyar da ta kamu, su tsaga karan hancin lafiyayyu su cusa. Barth, Bajamushen nan da ya ratsa ƙasar Margi a 1851 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, ya rubuta cewa ya tarar Margi sun san tsagar rigakafin agana. Ku dubi dantsen tsofaffinku, za ku ga tabon lamba. Da lambar nan aka kashe agana: tun 1970 ba a sāke ganin ta a Nijeriya ba, a 1980 aka yi shelar ta ƙare a duniya. Haka bushiya mai ƙarar da shanu: a yankin Tabkin Chadi aka soma babban gangamin allurarta a 1962, a 2011 aka ce babu ita ko'ina. Yau in ka ce wa yaro "agana" sai ya tambaye ka mece ce.

To, in haka ne, me ya kawo gudu?

Abu na farko, mutane da yawa ba su ga cutar da idonsu ba. Duk Nijeriya waɗanda aka rubuta ta kashe sun ɗan haura 3,000. Lalle lissafin nan bai cika ba, don gwaji kaɗan aka yi. A Kano kaɗai, cikin Afrilu 2020, aka yi ta mace-macen dattawa, har Ministan Lafiya ya ce an ƙirga mutum 979, kuma rabi ko fiye ana zaton Korona ce. Duk da haka ba mu ga abin da Italiya da Amurka suka gani ba, watakila don yawancinmu yara ne da samari, ita kuwa tsofaffi ta fi kayarwa. Sai talaka ya sa mata suna ciwon masu hawa jirgin sama. Ku kuma tuna da halin da Yerwa ke ciki. Mutumin da tun 2009 ya ke jin ƙarar bindiga, ya baro gonarsa a Gwoza ko Marte ya zauna a sansanin Bakasi ko Dalori, zazzaɓin sauro ya ɗauke masa ɗa, amai da gudawa na kewaya tantuna da damina, ka zo ka ce masa ya ji tsoron mura? Na ji wata mata a sansani ta tambayi masu allura, ta ce, "Maganin zazzaɓi sai na saya, abinci sai na yi layi, ita wannan me ya sa kuka biyo ni da ita har ɗaki kyauta?" A ganina tambayar mai hankali ce, kuma tana da amsa. Manyan ƙasashe sun zuba kuɗi cikin allurar nan don cutar tana hawa jirgi ta je musu, zazzaɓin sauro kuwa ba ya zuwa. Watau don kansu suka yi, mu ma muka amfana. Ba abin kunya ba ne malami ya faɗi haka sarai. Ya fi a ce wa mutane don ƙauna ne kurum, su kuwa sun san duniya.

Abu na biyu ya fi nauyi, shi ne tsohon miki. A 1996 sanƙarau ya yi ɓarna ƙwarai a Arewa. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Kano ya gwada wani sabon magani, Trovan, cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 suka mutu, waɗansu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji a ke yi ba. Aka yi ta shari'a har 2009, sa'an nan aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan magani ne, ba allurar rigakafi ba, amma wa zai tsaya rarrabewa? Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Ga shi kuwa ɗaya daga cikin allurorin Korona sunan Pfizer ke jikinta.

Sai dai ku duba abin da tsallen nan ya jawo. A 2003 aka baza cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa, har Kano da waɗansu jihohi suka dakatar da shi. Kano ba ta koma ba sai Yuli 2004, bayan an kawo na ƙasar Indunisiya. Kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe wajen 20 waɗanda dā sun rabu da ita. Mu ne kuma muka zama na ƙarshe: yaran da shan inna na asali ya kama daga ƙarshe duk Afirka kafin shelar rabuwa da shi 'yan Barno ne, a 2016, daga wuraren da rikici ya hana masu ɗigo shiga. Sai ran 25 ga Agusta 2020 aka yi shelar Afirka ta rabu da shi. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin nan suna goye, yau ga su nan da nasu goyon.

Waɗansu kuma, musamman 'yan boko irinmu, saurin da aka yi ne ya ba su tsoro. Suka ce allura takan ci shekara goma, yaya wannan ta fito cikin wata goma sha ɗaya? Amsa ita ce ba daga tushe aka fara ba. Korona tana da 'yan'uwa: wata ta ɓulla a Sin a 2002, wata a ƙasar Makka a 2012, wadda a ke ɗauka daga raƙuma. Masanan Jami'ar Oxford sun riga sun yi nisa da allurar ta raƙuman, sai suka sauya mata ƙaya. Ga kuɗi an zuba ba iyaka, ga masu cutar ko'ina, sabo da haka gwaji bai yi jira ba. Gwajin allurar Pfizer kaɗai ya ƙunshi mutum fiye da 40,000.

Ba kuwa zan ɓoye muku ba, allurar tana da nata aibi. Cikin Maris 2021, daidai lokacin da mu ke fara karɓa, ƙasashen Turai da dama suka dakatar da ta AstraZeneca, don an ga tana sa daskarewar jini ga mutane ƙalilan ƙwarai, har waɗansu sun mutu. Labarin ya iso Kasuwar Litinin kafin allurar ta iso unguwanni. Ran 22 ga Disamba 2021 kuma hukuma ta lalata allurai fiye da miliyan 1 a Abuja, waɗanda aka ba mu kyauta suna gab da lalacewa. Ni na ɗauki abubuwan nan biyu alamar akwai masu sa ido, tun da an gano, an kuma faɗa. Maƙwabcina kuwa ya ɗauke su hujjar cewa ragowar Turawa a ke juye mana. Mun sha gardama a kai, har yau bai sauka ba.

Sauran maganganun da wayar hannu ta yi ta yawo da su ba su cancanci tawada mai yawa ba. An ce cokali zai manne a dantsen wanda aka yi wa. An ce duk wanda ya karɓa ba zai wuce shekara biyu ba. Shekaru biyun sun wuce tuni, kuma malaman da suka karɓa a kwalejin nan har yanzu suna ba ku jarrabawa.

Akwai kuma waɗanda aka lissafa cikin masu ƙi alhali ba ƙi suka yi ba, samu ne ba su yi ba. Allurar AstraZeneca sai an ajiye ta cikin sanyi, tsakanin awo 2 da 8, a garin da zafin bazara kan wuce 40. A Janairu 2021 aka fasa turakun lantarki a hanyar Damaturu, Yerwa ta yi kusan shekara cikin duhu, sai janareto da firji mai aiki da hasken rana. Indiya, inda a ke yi mana allurar, ta tsayar da fitarwa da cutar ta tsananta a can. Sau biyu kuma a ke yin ta, da tazarar mako 8 zuwa 12, ɗan gudun hijira kuwa bai san inda zai kwana bayan wata uku ba. Sai da ta Johnson & Johnson ta zo cikin Agusta 2021, wadda sau ɗaya ta isa, aikin ya yi sauƙi.

Waɗanda suka karɓa fa? Ma'aikatan asibiti ne kan gaba, don su suka ga masu haki. Sai dattawa masu ciwon sukari da hawan jini. Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya kuwa doka ce ta kai su, don daga 1 ga Disamba 2021 ba shiga ofis sai da kati ko takardar gwaji. Amma ban ga abin da ya karya gardama kamar aikin Hajji ba. A 2020 da 2021 ba wanda ya tafi daga ƙasashen waje. Da aka buɗe a 2022, aka ba Nijeriya kujera 43,008, Sa'udiyya ta ce sai mai allura. Na san dattawan da suka rantse ba za a taɓa su ba, sai ga su a layi tun da asuba, hannun riga a naɗe. Malamai kuma sun taimaka. Sun tuna wa jama'a yadda Sayyidina Umar ya juya da rundunarsa bai shiga Sham ba da ya ji annoba ta sauka can, kuma Babban Muftin Sa'udiyya ya ce allurar ba ta karya azumi. Daga baya an ga cewa ba ta hana kamuwa ɗungum, musamman da sabon iri mai suna Omikron ya zo a ƙarshen 2021. Abin da ta ke hanawa shi ne kwanciya asibiti da mutuwa. Masanan Imperial College na London sun ƙiyasta a shekararta ta farko ta tsirar da rai tsakanin miliyan 14 da miliyan 20 a duniya.

Yanzu sababbin allurai na ta zuwa, kuma waɗansu ta ƙofar makaranta su ke shigowa. A Oktoba 2023 aka fara ta rigakafin dajin bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, watau 'yan ajinku. A Disamba 2024 aka fara ta zazzaɓin sauro a Kebbi da Bayelsa. In uba ya zo muku da shakka, kada ku ce masa jahili, don wataƙila ya fi ku sanin labarin Kano. Ku zaunar da shi, ku kira ma'aikacin lafiya, a nuna masa kwalbar. Ku karanta masa sunan allurar da ranar lalacewarta da lambar NAFDAC in tana jiki, a gaya masa abin da yarinyar za ta ji a daren farko, da asibitin da zai kai ta in zazzaɓin ya wuce kwana biyu. In ya ce sai ya yi shawara da liman ko da uwar ɗiyar, ku bar shi ya je, ku tambayi masu allurar ranar da za su komo, ku rubuta masa a takarda.